Sunan da Baba Bai Faɗa Ba

Babanmu ya fi tsoron rigima a kan asara. Shekara da shekaru yana lodin albasa daga Tawa zuwa Abijan, ya ga mota ta kife da kaya, ya ga albasa ta ruɓe a kan iyaka ana jiran takardu, bai taɓa fasa cin tuwonsa ba. Amma ranar da ya dawo daga gidan wani amininsa da ya rasu, inda magada suka ja katanga ta tsakiyar gida har ta bi ta kan rijiya, rabin baki na wannan rabi na wancan, ko ruwa bai sha ba. Ya zauna a zaure ya aika a kira ni.

Ni ce ƴar bokon gidan. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma a wancan lokacin ina ji da kaina ƙwarai, musamman da kyan rubutuna. Duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake kai wa, duk wadda za ta fita ni ke rubutawa.

"Ɗauko bik da takarda," ya ce mini. "Ban son in mutu a raba min rijiya."

Kafin in faɗi abin da na rubuta, sai na faɗi wadda muke kira Goggo, don labarin nata ne. Goggo ba ƙanwar Baba ba ce. Ƴarsa ce ta fari, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Ana yaye ta kakarmu ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa ƙauyen Bambeye, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ta tashi cikin ƙannen Baba tana kiransa Yaya yadda suke kiransa. Mu da muka zo daga baya muka ji yaran dangi suna ce mata Goggo, muka bi. Sai da na kai shekara goma sha biyu wata tsohuwa ta gaya mini gaskiya a wurin suna, tana dariyar wautata. Na dawo gida da zafina na tambayi Inna. Ta watsa mini ruwan wanke-wanke a ƙafa, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ban taɓa jin sunan Goggo a bakin Baba ko Inna ba. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba abin wasa ba ce. In dole ta kama, Inna ta ce "ta Bambeye", Baba ya ce "mutanen can". Da mijin Goggo ya rasu bai bar ta da ɗa ba, Baba ya gina ɗaki a gaban gida, ya kafa injin niƙa a gefensa, ya aiki amininsa ya ɗauko ta. Ko sannu da zuwa bai ce mata ba. Tun daga nan take niƙa wa unguwa gero da masara, da injin nan take ci, da shi take sutura. In Baba ya dawo daga tafiya, tsarabarmu a hannu yake miƙa mana, tata kuwa sai ya ajiye a kan bencin inji ya wuce kamar mai mantuwa. Kuma kullum zanenta ya fi nawa kyau, abin da ya daɗe yana ci mini rai.

To, na ɗauko bik, wato alƙalami, da takarda. Baba ya ce shi bai isa ya sake rabon da Allah ya yi ba, abin da yake so kawai a san abin da ya mallaka da waɗanda za su gaje shi, kada wani ya fito daga baya da tasa maganar. Ya shiga lissafo mini: gidan nan da iyakokinsa huɗu, shagon kasuwa, rumbun albasa, garka, wato lambu, a fadama, da shanu biyu da ke wajen wani Buzu a Takanamat, har da launinsu da tabon kunnensu. Ya ce kada a raba tsakar gida da katanga. Na rubuta duka da Faransanci, ina lanƙwasa manyan baƙaƙe yadda nake koya wa yara.

Sai muka zo kan mutane.

"Rubuta uwarku," ya ce. Na rubuta.

"Rubuta sunanki. Rubuta na ƙannenki." Na rubuta nawa, da na ƙanena mai bi mini, da na autanmu.

Daga nan ya yi shiru. Injin Goggo yana ta ƙara a bayan katangar zaure. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya gyara murya.

"Baba, shi ke nan?" na ce.

"Ke dai kin sani," ya ce, yana kallon ƙasa.

Na sani ɗin. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba. A lokacin ba abin da ke ɓoye gare ni. Amma tun ina ƙarama, in ana ƙirga ƴaƴan gidanmu daga kaina ake farawa, kuma hankalina yana kan agogo, don ina so mu kai takardar meri, ofishin magajin gari, kafin a tashi. Na ja layi. A ƙarƙashin layin na ƙara wata jimla da Baba bai faɗa ba, don kawai takardar ta yi kama da ta ofishin gwamnati: wai ya bar mata ɗaya da ƴaƴa uku.

Aminansa biyu suka dangwala yatsa, ba mai karanta Faransanci a cikinsu. Mai unguwa ya sa hannu, a meri aka buga hatimi. Baba ya naɗe takardar a leda ya kulle a akwatin ƙarfe. Ya ƙara shekara shida a duniya hankalinsa kwance, yana yi wa tsaransa gori a bakin masallaci, yana cewa shi ya gama shirinsa, su kuma suna nan suna tara wa ƴaƴansu faɗa.

Da ya rasu, bayan sadakar arba'in aka buɗe akwatin. Muna zaune a tsakar gida da la'asar: Inna cikin kayan takaba a bakin ƙofar ɗakinta, ƙannena biyu, wasu dattawan dangi, Goggo kuma can gefe a kan turmi da ta kwantar, hannuwanta fari fat da gari. Ni aka miƙa wa takardar in karanta in fassara. Na bi ta gida da shago da garka da shanu, muryata tsaf. Sai da na zo layin ƙarshe idona ya riga bakina. Na tsaya, aka ce in ci gaba, na karanta.

Dattawan suka shiga kallon tabarma. Inna ta ja mayafinta ta rufe goshi.

Autanmu ne ya fara magana. Shi an haife shi ne Goggo ta riga ta yi aure, kuma tun yana saurayi yake Abijan. Yaro ne mai kirki, kirkin ne ma ya sa ya buɗe baki.

"Ni dai ina roƙon alhwarma," ya ce. "Ko da Goggo ba ta da gado, a bar mata ɗakinta da injin. Ƙanwar ubanmu ta, bai kamata mu hidda ta ba."

Na juya na dube shi, ina zaton wasa yake. Fuskarsa ba wasa a ciki. Mutum mai mata da ƴaƴa biyu, bai san yayarsa ba.

"Kai, yayarka ta," na ce masa, murya ta fi ƙarfina. "Cikin da kah hito, nan tah hito."

Sai ya yi dariya. Ya dubi Inna ta gyara masa zancen, Inna ta juya fuska ga bango. Ya dubi dattawan, ba wanda ya ɗaga kai. Na ga dariyar tana bushewa a bakinsa. Goggo ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce masu niƙa suna jira, ta fita. Ba a jima ba muka ji injin ya tashi.

Ga yadda maganar take, don wanda bai sani ba. In Goggo ƴa ce, tana da rabonta, kuma ɗakin nan da injin za su iya zama rabon. In ƙanwar mamaci ce, ba ta da ko tsinke, tunda akwai ƴaƴa maza. Zamanta a gidan sai ya koma alfarma, ranar da aka gaji da ita ta naɗe tabarmarta, tana da shekara hamsin da ɗoriya, ba miji ba ɗa.

Ƙanena mai bi mini, wanda ke riƙe da shagon kasuwa, ya san gaskiya sarai. Amma tun da aka shimfiɗa kwalta a gaban gidanmu idonsa ke kan ɗakin Goggo, yana cewa wurin zai ɗauki shaguna uku. Na same shi na wanke shi tas, ban bar masa komai ba. Ya bari na gama, yana ɓare goro.

"Ni ban ce komi ba," ya ce. "Takarda ta hwaɗi. Kuma ba ni nar rubuta ta ba."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na ce ai abin ba wuya, zan je gidan shari'a in ce kuskure ne nawa, a gyara. Na karɓi katin shaidar Goggo don in nuna. A kan hanya na buɗe shi, karo na farko a rayuwata. A wurin sunan uba, sunan kakanmu ne. A wurin sunan uwa, sunan kakarmu. Ashe tun tana yarinya kakanmu ya saka ta a katin iyalinsa tare da ƴaƴansa, daga nan duk takardar da aka yi mata ta bi. Na tsaya a bakin hanya da katin a hannu, masu babur suna ta yi mini oda, na kasa matsawa.

Sakataren alƙali ya jera takardun biyu a kan tebur, ya duba wannan ya duba waccan.

"Madam, wanga rubutunki na?"

"Nawa na."

"To ke da kanki kin ce uku. Katinta kuma ya ce ƙanwa ta. Yanzu kin zo da magana ta uku."

Ba rashin mutunci ya yi mini ba, aikinsa yake yi. Alƙali ya ce a kawo shaidu. Aminan Baba da suka dangwala yatsa, ɗaya ya rasu, ɗayan tsufa ya ci hankalinsa, bai ma gane ni ba. Ungozomar da ta yanke cibiya ta daɗe a ƙasa. Na hau mota zuwa Bambeye na ɗauko wani tsoho da aka ce ya san gidan kakanmu ciki da waje, na saya masa goro da taba, na zaunar da shi gaban alƙali. Ya ƙura wa Goggo ido ya ce, "Wagga? Ai autar gidan tsoho ta, gabanmu tat tashi." Da gaskiyarsa ya faɗa, abin da ya gani ke nan. Ni na biya kuɗin motar da ta kawo shi ya ƙara tona mini rami.

Alƙali ya yi shawara da malamin da ke zaune kusa da shi, ya ce tunda uwar tana raye, a jira ta fita takaba. Yana so ya ji daga bakinta: ita ta haife ta, da wa, kuma mene ne sunanta.

Watannin nan ban ji daɗinsu ba. Wata safiya na zo na iske magini yana ja wa gaban gida igiya, yana auna bangon ɗakin Goggo, ita kuma tana ciki tana zuba gero a inji kamar ba ta gan shi ba. Na kore shi da ashar ɗin da ban san na iya ba, har yaran da nake koyarwa suka tsaya kallo. Daga nan na shiga wurin Inna.

"Inna, sai kin tahi kin hwaɗi."

"Duk Tawa an sani."

"Ɗanki auta bai sani ba. Tsohon Bambeye bai sani ba. Takarda ba ta sani ba."

"Ke kir rubuta ta, ke za ki gyara."

"Ba su karɓar tawa. Ba a haihe ni ba sa'ad da ankai abin."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, a hankali, ubanmu ya shekara hamsin bai kira sunan nan ba har ya koma ga Allah da mutuncinsa, ita kuma so nake ta je gaban maza baƙi ta tsiraita kanta. Na ce mata in ba ta je ba, kafin damina shaguna uku za su tsaya inda injin yake. Na faɗa da tsawa, a kan uwata mai takaba. Na fita ban ba ta haƙuri ba.

Goggo ban nemi shawararta ba. Yanzu nake ganin wannan ma. Ina ta kai da kawo a kanta, ban taɓa zama na ce mata, me kike so? A ganina abin a fili yake.

Ranar da alƙali ya sa, Inna ta fito da kanta tun kafin in kira ta, ta yi lulluɓi har ƙasa. Ɗakin shari'ar ƙarami ne, ga zafi, ga masu jiran tasu shari'ar sun cika benci. Ƙannena suna gefe ɗaya, ni da Goggo muna ɗaya gefen. Aka ba Inna kujera a tsakiya.

Alƙali ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata ta'aziyya. Sannan ya nuna Goggo.

"Hajiya, wagga mata mi take gare ki?"

Inna ba ta dubi inda ya nuna ba. Na ga yatsunta suna murza bakin mayafi.

"Ta gidanmu ta," ta ce.

"Hajiya, sai kin yi haƙuri. Ɗiyarki ta, ko ƙanwar maigidanki?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ana jin fanka tana juyawa. Sai Goggo ta miƙe tsaye, abin da ban zata ba.

"Ranka shi daɗe, a bar ta," ta ce. "Na yahe ɗakin. A bar tsohuwa ta tahi gida."

Na riƙo zanenta ina ja, ta fizge. Alƙali ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga shi. Muryar ba irin wadda na sani ba ce, amma kowa ya ji.

"Ɗiyata ta. Ni nah haihe ta, da shi, cikin damana, a ɗakin uwata. Ita ta ta hwari."

"Sunanta, Hajiya."

Ta faɗa. Suna ne na kowa da kowa, a ajina kaɗai akwai yara uku masu shi. Amma da ya fito daga bakin Inna sai na ji kamar ban taɓa jin sa ba. Goggo kuwa, tana tsaye, ta ce "Na'am" da ƙaramar murya kamar ta yarinyar da aka aika, kafin ta gane abin da ta yi ta rufe bakinta da hannu. Autanmu ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Ƙanena mai shago ya tashi ya fita waje. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, haka aka riƙe hannunta har mota.

Aka gyara takarda, ƴaƴa huɗu. Da aka zo rabo, ɗakin da injin suka faɗa a kason Goggo, magini bai sake dawowa ba. Na yi zaton na wanke laifina.

Amma tun ranar Inna ta daina bi ta ƙofar gaba. Da, in za ta fita unguwa, ta gaban inji take wucewa, ta ɗan rage tafiya, ta ce wa iska "ana aiki", Goggo ta amsa wa inji "aiki da godiya". Yanzu ta ƙaramar ƙofar baya take fita, wadda awaki ke bi. Kwanon tuwon da take aika wa Goggo kullum bai fasa zuwa ba, sai dai ba su sake haɗa inuwa ɗaya ba.

Bayan kamar wata guda na kai wa Goggo sabuwar takardar, na sa ta a leda. Da hantsi ne, ba masu niƙa, tana zaune tana goge bel ɗin inji da tsumma. Na miƙa mata ina murmushi, ina jiran ta sa mini albarka. Ta karɓa ba ta buɗe ba, ta ajiye a kan benci.

"Zamna," ta ce. Na zauna.

"Randa kunka yi waccan takarda, mantawa yay yi da ni?"

Na gaya mata gaskiya. Na ce bai manta ba. Na faɗa mata shirun da ya yi, da hular da ya cire, da abin da ya ce mini. Ta saurara tana gyaɗa kai, kamar mai jin labarin da ta riga ta sani.

"To," ta ce. "Ni ban taɓa shakka ba. Ku duka ana kiran sunanku, a aike ku, a zage ku. Ni kaɗai ta ba a iya kira. Da wannan nis san ko ni wa ta a gidan ga, tun ina Bambeye. Ke kin zo da bokonki kin share ni, kin koma kin sa tsohuwa ta tuɓe gaban mutane don ki maida ni. Yanzu ga ɗaki na samu. Uwata kuwa ba ta iya wucewa ta ƙohwata."

Wata mata ta shigo da kwaryar gero a ka tana sallama. Goggo ta miƙe ta karɓa, ta ce mini in matsa kada gari ya ɓata mini kayan aiki.